Karfasa ba balangu ba ce

Mu a Sakkwato gashin nama muka sani. Shi ya sa da na ƙuduri gasa kifi a gida cikin hunturun bara, ban tambayi kowa ba. Da sassafe na tafi Kwalkwalawa, bakin kogin Rima, na sayo karfasa huɗu manya da tarwaɗa ɗaya wadda har na iso gida tana motsi a cikin bokiti.

Na cika kurfoti da gawayi, na kama fifita har wuta ta tashi tana ci bal-bal, na aza raga, na jera karfasa biyu da na turmusa cikin yajin ƙuli-ƙuli kamar tsire. Minti uku ba a yi ba ƙauri ya cika tsakar gida. Na sa cokali zan juya, fata ta manne wa raga, tsoka ta dare biyu, rabi ya zube cikin wuta. Waje baƙi ƙirin, kusa da ƙaya kuwa jini ne jajir. Uwargida ta leƙo daga kicin, ta koma ba ta ce uffan ba, wanda ya fi min zafi a kan ta yi magana.

Kawuna da ya zo mana kwana biyu daga Argungu yana zaune a kan tabarma yana kallo. Bakabe ne, a cikin kamun kifi ya tashi. Sai da na gama ɓarna ya ce, "Kai ɗana, wanga kihi mi ya yi maka?"

Ya sa na kwashe ragar, muka zauna har harshen wutar ya mutu, garwashin ya yi farin toka a sama. Ya ce in sa tafin hannu bisa wutar daidai inda kifin zai kwanta. In ban iya ƙirga biyar ba, ba ta yi ba tukuna. Ya tura garwashin gefe guda, ya bar ɗaya gefen da kaɗan. Ragar kuma aka kankare ta, ta yi zafi, sannan ya tsoma rabin albasa a man gyaɗa ya goge ta da shi.

Sauran karfasar biyu ya tsane su da tsumma har suka bushe, don jiƙaƙƙiyar fata ita ce mai mannewa. Ya yi musu tsaga uku-uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, ya cusa dakakkiyar citta da tafarnuwa da attaruhu da gishiri a ciki, ya shafe su da mai. Yajin ƙuli ya ce a ajiye sai an sauke, gyaɗa ba ta jure wuta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe hannuna. Kusan minti 8 kifin na kwance, ni kuwa sai ƙaiƙayin juyawa nake ji, Kawu na hararata. Da lokaci ya yi ya ɗan ɗaga gefen, sai ga ta ta saki ragar da kanta, fatar ta yi ja, ko ƙwarzane babu. Juyi ɗaya tak, sannan minti 6 ko 7.

Tarwaɗa nata halin daban. Da toka muka cuɗe yauƙinta, muka bi da lemun tsami saboda ƙarni, kuma wajen fiɗa ya gargaɗe ni da matsarmama, in ta fashe ɗaci ya gama da naman. Tana da kitse, yana ɗiga wuta na tashi, sai mu ja ta gefen da ba garwashi sosai har ta lafa. Ta ci fiye da minti 20.

Muka yanka albasa da tumatir, aka barbaɗa yajin. Uwargida ta fito da faranti da kanta. Kan tarwaɗar kuwa Kawu ya jawo gabansa, ya ce ladan malanta ne.