Mako na goma da shuka ɗaɗɗoya: ƙamshi gado ne

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a gwajin ɗaɗɗoya. Kwami uku ne a gefen fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, amma idan ka murza ganye tsakanin yatsu biyu sai ka ji hanci ya raba su gida uku.

Kwami na farko babbar ɗaɗɗoya ce, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, mai faɗin ganye da gashi-gashi a bayansa. Tana ƙamshin kanumfari sak, domin sinadarin yujinol ne ya rinjaya a cikin man ganyenta, shi ne kuma ke cikin kanumfari. Na biyu ita ma jinsin nan ce, ido ba ya bambanta su, sai dai ƙamshinta mai kaifi ne, irin na maganin kurkure baki. Wannan sinadarin taimol ke nan. Na uku ƙaramar ɗaɗɗoya ce, Ocimum basilicum, mai santsin ganye da sanyin ƙamshi kamar na fure, wanda sinadarin linalul ke bayarwa.

A nan masu koyo da yawa ke ɓata. Ana ƙara taki, ana rage ruwa, wai don mai taimol ta koma ƙamshin kanumfari. Ba za ta koma ba. Ruwa da rana da taki yawan man suke ƙarawa ko su rage; irin sinadarin kuwa daga gado yake, yana cikin iri. Man yana zaune ne cikin wasu 'yan ƙananan ƙulli a fatar ganye, shi ya sa sai an murza yake tashi, shi ya sa kuma ganyen da aka dama da hannu wajen tsinka yake isa gida rabin ƙamshinsa ya tafi.

To yaya za a riƙe wadda ake so? Iri yana yaudara. Ƙudan zuma na son furen ɗaɗɗoya ƙwarai, suna yawo daga kwami zuwa kwami, don haka irin da aka tara daga mai yujinol da ke maƙwabtaka da mai taimol zai iya fitowa gauraye. Hanyar da ba ta kuskure ita ce dashen reshe. A yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 wanda bai yi fure ba, a yanke shi dab da ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa a bar huɗu na sama. A tsoma shi a kofin ruwa a inuwa, ana sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu farin saiwa zai leƙo daga gaɓar. Idan gindin ya yi baƙi ya yi yauƙi, ruwan ya daɗe ko ganye ya nutse a ciki. Wanda ya nace sai iri, to ya rufe kan furen da yankin gidan sauro tun kafin ya buɗe.

Masu shuka iri su kula: ƙwayoyin ƙanana ne sosai, ba a binne su. A barbaɗa a kan ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu, a yayyafa ruwa. Za ku ga sun kumbura da farin yauƙi, ba lalacewa ba ce. Sanyin daren hunturu yana jinkirta tsirowa.

A makon nan an fara tsinke kai. Da reshe ya yi gaɓa huɗu ko biyar, a tsinke samansa, sai biyu su fito a madadin ɗaya. Ƙaramar ɗaɗɗoya ta fi gaggawar fure, kuma da ta yi sai ganye ya ƙanƙance.

An kuma gwada tatsar mai da tururi. Tukunya mai murfin da ke toshewa, rariya a ciki don ganye kada ya taɓa ruwa, bututun tagulla da aka naɗe cikin bokitin ruwan randa, kwalba a ƙarshe. Kilo guda na ɗanyen ganye 'yan mililita kaɗan yake bayarwa, kada kowa ya karaya. Abin lura shi ne yujinol ya ɗan fi ruwa nauyi, don haka ruwan kwami na farko ya fito fari-fari kamar tsinkakken koko, man bai taru a sama tsaf kamar na sauran ba. Kada a zubar, a bar shi ya kwana. Idan bututu ya yi ɗumi a hannu, to ƙamshin yana bin iska, a sauya ruwan bokiti.

Shanya kuwa a inuwa kaɗai. Ranar Sakkwato a Maris da Afrilu tana haura digiri 40, tana kwashe man ta bar ganye kamar harawa.

Game da tasiri, yujinol yana kashe zafi a inda ya taɓa, likitocin haƙori ma suna aiki da shi, taimol kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma tsantsar man tana ƙona fata da baki. Ɗigo uku a babban cokali na man riɗi ya isa shafawa, ba a sha, ba a kuma ba yara ko mai juna biyu. Mako mai zuwa za a dasa rassan a leda, kowace da alamar kwaminta.