Abin da Ƙasusuwa Suka Nuna Mini Game da Zumuntar Dabbobi

Duk wanda zai rarraba dabbobi dangi-dangi ta hanyar duba ginin jikinsu, abu na farko da zai horar da idonsa a kai shi ne ya daina tambayar me gaɓa ta yi kama da shi, ya koma tambayar a ina take zaune, da me ta haɗu daga sama, kuma me ya biyo bayanta daga ƙasa. Richard Owen na Ingila ne ya fayyace wannan a shekarar 1843, inda ya raba tsakanin gaɓa ɗaya da ake samu a dabbobi daban-daban ko da siffarta da aikinta sun sauya, da kuma gaɓoɓi mabambanta waɗanda aiki kawai ya haɗa su. Bayan shekara 16, a 1859, Charles Darwin ya fassara kashi na farko da cewa gado ne daga kaka guda. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma da na ga ɗalibai suna haddace wannan bayani ba tare da sun taɓa riƙe ƙashi a hannu ba, sai na shiga tara ƙasusuwa domin mu gwada da kanmu.

Samun su bai yi wuya ba. Kawuna da ƙafafun akuya da na saniya daga mahauta suke, ƙafar raƙumi wani mahauci ya taho mini da ita daga Kano, ta jaki kuwa a bayan gari muka tsinta ta riga ta bushe. Ƙananan dabbobi daga mujiya muka same su, domin tana haɗiye ɓera ko jaɓa ɗungurungum, daga baya ta amayar da gashi da ƙashi a dunƙule, kuma a ƙarƙashin rufin da take kwana ana samun ƙoƙon kai cikakke har da haƙoransa. Wajen tsabtacewa, dafawa a kan wuta kaɗan-kaɗan ta fi tafasa mai ƙarfi, sai a jiƙa cikin ruwan omo don maiƙo ya fita. Kowace ƙafa tana bukatar ledarta da takardar sunanta, domin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu idan suka gauraya ba su sake rabuwa. Dabbar da ta manyanta ta fi amfani, saboda kawunan ƙasusuwan ƙarama ba su gama mannewa ba, suna ɓallewa a tukunya.

Da muka jera ƙafafun gaba a kan tebur, tsarin ya fito iri ɗaya: ƙashi guda a damtse, biyu a sangali, tarin ƙanana a wuyan hannu, sannan na tafi da na yatsu. Abin da kowa ke kira gwiwar akuya a ƙafar gaba, idan aka ƙirgo daga kafaɗa, wuyan hannu ne. Gwiwar hannun ta gaskiya tana can sama, manne da ƙirji. Dogon ƙashin da ke ƙasa da wannan gaɓa yana da tsagi a tsakiyarsa daga sama har ƙasa, kuma ƙarshensa ya rabu biyu, alamar cewa ƙasusuwan tafi biyu ne suka haɗe, na yatsa na uku da na huɗu. Na saniya haka yake, na raƙumi ma haka, sai dai ƙarshensa ya fi buɗewa. Na jaki ba shi da wannan tsagi, domin ƙashi ɗaya ne, na yatsa na uku, da wasu siraran ƙasusuwa biyu a gefensa waɗanda su ne abin da ya rage na yatsa na biyu da na huɗu. Jaki da raƙumi duka dabbobin ɗaukar kaya ne, amma ƙafa ta sa raƙumi a gidan akuya, ta bar jaki tare da doki.

Jemage da kaza sun fi jan hankalin ɗalibai. Fiffiken jemage yatsu huɗu ne da suka yi tsawo ƙwarai aka shimfiɗa fata a tsakaninsu, babban yatsa kuma yana waje da farcensa. A fiffiken kaza yatsun sun ragu zuwa uku, sun gajarce, wasu ƙasusuwan sun manne da juna, gashin tashi kuma a kan sangali da tafi yake tsirowa. Ƙasusuwan hannun nan gado ɗaya ne, amma mayar da hannu fiffike kowa ta hanyarsa ya yi shi. Sauran jikin jemage bai bar wata shakka ba: yana haihuwa ya shayar, muƙamuƙinsa na ƙasa ƙashi ɗaya ne a kowane gefe, wuyansa gaɓa 7 ne kamar na akuya da na raƙumin dawa, alhali na kaza 14 ne.

Haƙora su ne suka fi ba ni aiki mai daɗi. Jaɓa a ido ɓera ce mai dogon baki, amma ƙoƙon kanta da na ɓera ba su haɗa hanya ba. Ɓera yana da manyan haƙoran gaba biyu sama biyu ƙasa, masu kaifi, waɗanda ba su daina tsiro har ya mutu. Ba shi da fiƙa, sai fili babu haƙori har zuwa turame. Bakin jaɓa cike yake da haƙora masu tsini a jere, na huda ƙwari. Da wani mafarauci ya kawo mana kan beguwa, ya tambaye ni, “Malam, wannan ai yayar bushiya ce, ko ba haka ba?” Na ajiye masa kawunan biyu kusa da juna. Haƙoran beguwa irin na ɓera da gafiya ne sak, girma kawai suka fi, na bushiya kuwa masu tsini ne irin na jaɓa. Ƙaya gashi ce da ta yi tauri, kuma ta fito a gidajen biyu ba tare da ɗaya ya gada daga ɗaya ba. Zomo ma yana da nasa sirrin, wato wasu ƙananan haƙora biyu ɓoye a bayan manyan na sama, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka fitar da shi daga gidan ɓeraye a 1912.

Daga nan aikin ya koma kan allo, inda muka jera dabbobin a gefe, siffofin a sama, muna cike wa kowa abin da yake da shi. A nan ne ƙa'idar Willi Hennig, masanin ƙwari ɗan ƙasar Jamus, wadda ya wallafa a 1950, ta zama dole. Ba kowace siffa da dabbobi biyu suka yi tarayya a kanta ce ke nuna kusancinsu ba, sai wadda ta faro daga kakansu na kusa. A gidan gandu kowa na iya gadon tsawon kakan-kaka, don haka tsawo ba zai nuna su wane ne 'yan ɗaki ɗaya ba, sai abin da suka ɗauko daga mahaifiyarsu ita kaɗai. Yatsu biyar na ɓera da na ƙadangare tsohon gado ne na masu ƙafa huɗu gaba ɗaya, ba ya haɗa su gida. Nono da gashi da ƙananan ƙasusuwa uku na cikin kunne su ne suka haɗa ɓera da jaki, duk da yatsan jaki ɗaya ne.

A ganina babu dabbar da ta fi gaiwa gwada wannan ƙa'ida. Ita da tarwaɗa duka suna shaƙar iska, duka suna jure rashin ruwa, kuma masunta kifi suke kiransu. Da muka feɗe su, abin shaƙar iskar tarwaɗa wani nama ne mai rassa a cikin kai, sama da inda kifi ke tace ruwa. Gaiwa kuwa huhu biyu gare ta, dogaye, masu bututu zuwa maƙogwaro, da jijiyar da ke mayar da jini daga huhu zuwa zuciya, zuciyar ma ta fara rabuwa hagu da dama. Da wannan huhu take rayuwa idan ta binne kanta a taɓo da rani. Owen ɗin nan ne ya siffanta irin tamu ta Afirka ta Yamma a 1839. A reshen da muka zana, gaiwa ta fi kusa da kwaɗo da akuya a kan yadda take kusa da tarwaɗa, kuma wannan ne matsayin da masana suke kai a yau.

Akwai wani ɗan ƙashi a gaɓar dunduniyar akuya da nake sa kowane ɗalibi ya riƙe, mai tsagi kamar na kurar rijiya da igiyar guga ke bi ta kanta, a ƙarshensa na sama da na ƙasa. Saniya da raƙumi da alade da dorina duka suna da shi a wannan siffa, na jaki kuwa tsaginsa a sama kaɗai yake. Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da manyan dabbobin teku da ake kira wel daga cikin kifaye a 1758 saboda huhu da nono, amma gidansu a cikin masu shayarwa ya daɗe ana jayayya a kansa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dorina ce mafi kusa da su, masu nazarin ƙashi da yawa suka ƙi yarda, har sai da aka bayyana a 2001 ƙasusuwan tsofaffin wel masu ƙafa huɗu da aka tono a Pakistan, masu kimanin shekara miliyan 47, ɗauke da wannan ƙashi mai tsagi biyu.

Ban ɓoye wa ɗalibai inda ginin jiki ya ɓatar da masana ba. An daɗe ana haɗa dabgi da ɗan kunya, dabbar nan mai sulke, a gida ɗaya, saboda dogon baki da dogon harshe da faratan tona. Cin gara da tururuwa ne ya ƙera su haka. Ƙwayoyin gado sun kai ɗan kunya kusa da kare da kyanwa da kura, suka kai dabgi cikin wani tsohon gidan Afirka da aka raɗa wa suna a 1998. A cikin wannan gida akwai giwa da rema da ayu, waɗanda masanin dabbobi George Gaylord Simpson ya riga ya haɗa tun 1945 bisa ginin jiki: ƙasusuwan wuyan hannunsu a jere suke wani kan wani, marainan mazansu a cikin ciki suke, hauren giwa da dogayen haƙoran rema kuma duka haƙoran gaba ne, ba fiƙoƙi ba. Siffofin da abinci ko hanyar tafiya ke iya tilastawa, kamar baki da farce da ƙaya, yanzu a ƙarshen allo muke rubuta su, kuma ba mu zana reshe a kansu sai kunne ko dunduniya ko tsarin haƙora sun goyi bayansu.