Taurari biyar na haya

Ƙanwata tana saida turaren wuta da humra a Instagram kusan shekara biyu kenan, kuma ni shaida ne kan wahalar da take sha, don wani lokacin har ƙarfe ɗayan dare tana kan haɗi. Satin da ya wuce ta turo min sikirinshot, wani ne ya shigo mata inbos wai zai kawo mata kwament na yabo guda hamsin daga akawun daban-daban, har da hirar WhatsApp ta bogi irin wadda kwastoma ke cewa "Hajiya saƙo ya iso, ƙamshi ya cika gida", ita dai ta biya ta ɗora a sitatus shikenan. Ta ce Yaya ya ka gani, kowa fa haka yake yi yanzu. Wallahi raina ya ɓaci, ba da ita ba, da yadda abin ya zama ruwan dare har mai gaskiya ta fara ganin kamar ita ce a baya.

Harkar nan babba ce, kowace dabara da sunanta. Akwai wadda Turawa ke kira astrotafin, sunan ya samo asali daga AstroTurf, ciyawar roba da aka shimfiɗa a filin wasa na Astrodome a Houston a 1966, ka hango ta kore shar kamar ita ta tsiro alhali shimfiɗa ta aka yi, to haka yabon yake, kamar jama'a ne suka yi don kansu amma kamfani ne ya biya. Sai ƴar tsanar safa, mutum ɗaya da akawun goma yana yabon kansa yana amsa wa kansa. A Chaina masu wannan sana'a sojojin ruwa ake ce musu saboda yadda suke malalowa.

Wadda ta fi ɗaure min kai ita ce burashin. Mai kaya zai samo adireshinka, ya buɗe akawun da sunanka a shafin saye da sayarwa na intanet, ya sayi kayansa da kansa ya aiko maka wani ɗan tarkace mara nauyi, tunda an kai saƙo sai shafin ya buga tambarin cewa wannan ya saya da gaske, daga nan ya rubuta wa kansa taurari biyar, wato maki mafi girma na yabo, da sunanka. A 2020 mutane da yawa a Amurka sun riƙa samun ƙunshin iri daga Chaina ba su yi oda ba, hukumomi suka ce alamu sun nuna wannan dabarar ce.

In kana ganin kai ba za a iya yaudararka ba, ji labarin Oobah Butler. Ɗan jarida ne a Landan, shi da bakinsa ya ce a da yana rubuta wa gidajen abinci yabon ƙarya kan fam 10 kowanne. A 2017 ya yi wa rumfar bayan gida da yake zaune a ciki rajista a TripAdvisor, shafin da mutane ke ba gidajen abinci da otal maki, a matsayin gidan abinci, The Shed at Dulwich, abokansa suka dinga zuba yabo, hotunan abincin ma da kumfar aski aka haɗa wasu, duk wanda ya kira sai a ce masa ba wuri an cika. Kafin ƙarshen shekarar ya zama na ɗaya a duk Landan, bai taɓa saida ko faranti ɗaya ba!

Can dai an fara hukunci. Kotu a Italiya ta ɗaure wani wata tara a 2018 kan saida yabon bogi, a 2022 Amazon ta maka masu kula da guruf sama da 10,000 na Facebook da ake cinikin yabon bogi a cikinsu a kotu, a 2024 kuma hukumar FTC mai kare masu sayen kaya a Amurka ta haramta saye da sayar da shi da tara mai nauyi.

Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne kishiyar abin, ruwan zagi, domin wanda zai iya kawo miki yabo hamsin gobe abokiyar gasarki za ta iya biyansa ya kawo miki zagi hamsin, kuma ƙaramar sana'a ba ta jure wannan.

Na ce mata ta yi bulokin ɗinsa, ta bi kwastomominta na gaske ɗaya bayan ɗaya ta roƙi su faɗi yadda suka ga kayan. Mutum bakwai suka amsa. Ɗaya ta ce ƙamshin ya yi amma murfin kwalbar ya yi yoyo a hanya, ta ɗora shi yadda yake a sitatus, jiya kuma ta shiga kasuwa neman wasu kwalaben.