Godiya bayan bitar kakar farko ta St. Louis City da aka yi a Jos

Assalamu alaikum iyayenmu, dattawan ƙwallo, da 'yan'uwa na Jos da Bukuru da kewaye.

Mu 'yan kwamitin da suka shirya bitar kwana biyu ta masu horarwa da sakatarorin ƙananan kulob muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo. Malam liman da ya buɗe mana da addu'a, da faston da ya rufe taro washegari, Allah Ya saka da alheri. Alhajin da ya ba mu aron zaure da janareto bai karɓi ko sisi ba, ya kuma ce kada a ambaci sunansa, to mun bi umarni. Iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin gwate da masa, Allah Ya ƙara buɗi.

Tambaya ɗaya ce ta tara mu: me ke sa sabuwar ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta a kakarta ta farko a babbar gasa, me kuma ke kayar da ita? Misalin da aka baje a faifai shi ne St. Louis City, wadda ta shiga gasar MLS ta Amurka a 2023. Wasu sun yi ƙorafin me ya kai mu Amurka ga Firimiyar Najeriya a ƙofar gida. Ƙorafin yana da hujja, sai dai ita wannan ƙungiya lissafinta a fili yake, wasanninta duk suna nan a bidiyo, kuma a kaka guda ta nuna nasara da faɗuwa gaba ɗaya.

Godiya ta farko ga dattijon sakataren da ya ɗauki ɓangaren shiri. Shi ne ya fara raba mana abu biyu da ake yawan cakuɗawa. A MLS babu hawa daga ƙaramar gasa, babu faɗuwa. Kujera ake saya. Masu St. Louis sun biya dala miliyan 200, aka ba su gurbi a watan Agustan 2019, annobar korona ta tura farawarsu daga 2022 zuwa 2023. Wannan jinkiri shi ne ribarsu. Sun ɗauki Lutz Pfannenstiel, tsohon gola ɗan Jamus, a matsayin daraktan wasanni tun 2020. Koci Bradley Carnell, ɗan Afirka ta Kudu, ya kama aiki a Janairun 2022, fiye da shekara guda kafin busa ta farko. A 2022 ɗin kuma ƙaramar ƙungiyarsu, City2, ta buga kaka cikakkiya a gasar MLS Next Pro har ta kai wasan ƙarshe. Manyan 'yan wasan da aka ɗauko daga Jamus, wato gola Roman Bürki daga Dortmund, João Klauss daga Hoffenheim, da Eduard Löwen daga Hertha Berlin, sun iso tun tsakiyar shekarar, suka zauna a garin, suka saba da tsarin. Saboda haka ranar 25 ga Fabrairun 2023 da suka je Austin suka ci 3-2, a takarda ne kawai suke sabbi.

Sakataren ya kuma yi mana bayanin zaɓen 'yan wasa da ake ware wa sabuwar ƙungiya. Kowace tsohuwar ƙungiya tana kare 'yan wasanta 12, sabuwa ta zaɓi biyar daga ragowar, kuma ba ta ɗaukar fiye da ɗaya daga gida guda. Ta nan St. Louis ta samo Nicholas Gioacchini da Indiana Vassilev. Gioacchini ya ƙare kakar da ƙwallo 10, daidai da Klauss. Wato wanda wani ya bari a benci shi ne ya riƙe wani.

Ga yadda kakar ta ƙare, ga waɗanda alƙalaminsu bai kama ba: wasa 34, nasara 17, kunnen doki 5, rashin nasara 12, maki 56, sun zura 62, an zura musu 45. Sun ci wasa biyar na farko a jere kafin Minnesota ta taka musu birki da ci ɗaya. Sun ƙare a saman rukunin Yamma, ɗaya daga cikin rukunai biyu na MLS, Bürki ya zama golan shekara. Aka gwada wannan da FC Cincinnati ta 2019, wadda ta sallami kocinta bayan wasa 11, ta sha ƙwallo 75, ta ƙare a ƙasan teburi da maki 24. Minnesota United kuwa a 2017 an yi mata 5-1 da 6-1 a wasanninta biyu na farko.

Kocin da ya fitar da mu fili da yamma ya cancanci godiya ta daban, domin shi ne ya mayar da zance aiki. St. Louis ba ta damu da riƙe ƙwallo ba, a yawancin wasanni abokan karawarta sun fi ta riƙewa. Abin da take yi shi ne matsa wa mutum lamba tun daga gidansa, salon da Carnell ya taho da shi daga New York Red Bulls. Kocin namu ya jera yara 11 ya nuna yadda abin yake. Ba a kowane lokaci ake rugawa ba, alama ake jira: an mayar da ƙwallo baya ga gola, ko an miƙa wa ɗan bayan gefe yana manne da layi, ko wani ya tare ƙwallo ta yi masa tsalle. Ɗan gaba ba ya zuwa kai tsaye, lanƙwasa gudunsa yake yi don ya toshe hanyar da ke tsakanin 'yan bayan tsakiya biyu, ya kora ƙwallo gefe guda. Na kusa da shi su rufe masu karɓa, 'yan baya su hauro har kusan layin tsakiya, ta yadda daga na gaba zuwa na baya ba za a wuce mita 30 zuwa 35 ba. Gola ya baro layinsa don share duk abin da aka cilla ta sama. In an ƙwace, ba a komawa baya, a cikin daƙiƙa goma ake so a kai hari raga. A wasan Austin ɗin nan an ga amfanin matsin, inda ɗan bayan Austin Kipp Keller ya miƙa wa Jared Stroud na St. Louis ƙwallo a ƙafa, shi kuwa ya zura.

Inda abin ke lalacewa ma ya nuna. Mutum ɗaya ya makara da taku biyu, sai a wuce shida da fasin ɗaya. 'Yan gaba su ruga, 'yan baya su noƙe saboda tsoron mai gudu, sai tsakiya ta zama fili fetal. Bayan minti 60 ƙafa ta fara nauyi, kuma in bencinka bai san tsarin ba, canji biyar da doka ta ba ka ba su da amfani. Nan ya ja kunnen masu horarwa na Jos musamman. Garinmu yana kan tudu kusan mita 1,200, iska da sanyi suna taimakon mai gudu. Wanda ya ɗauki wannan salo ya kai Maiduguri ko Fatakwal da ƙarfe huɗu na yamma, bayan kwana a mota, ya ce zai yi minti 90 yana matsi, yaransa zai kashe. Shawararsa ita ce a yi minti 15 na farkon kowane zagaye da ƙarfi, sauran lokaci a ja baya zuwa tsakiya a jira alama.

Ƙarshen labarin St. Louis shi ya fi ɗaukar lokaci a muhawara, kuma mun gode wa matasan da suka kwana suna yanka bidiyon. Da aka shiga wasannin cin kofi da ake yi bayan an rufe teburin gasa, wadda ta zo ta ɗaya ta haɗu da Sporting Kansas City da ta zo ta takwas, ƙungiyar da ta buga wasa goma na farkon kaka ba ta ci ko ɗaya ba. A watan Mayu St. Louis ta yi mata 4-0, a ƙarshen Satumba 4-1. Amma ranar 29 ga Oktoba Kansas City ta zo har gida ta rama 4-1, ta ƙara da 2-1 a nata filin, kaka ta ƙare. Me ya faru? Kansas City ta ƙi tsayawa tana wasa da ƙwallo a bayanta. Ta riƙa cillawa gaba tana tsere wa matsin, ta bar wa St. Louis ƙwallo ta ce bismillah. Mai farauta da ya saba kwanton ɓauna aka ce ya fito fili. Alamar ma ta bayyana tun kafin nan, don sun sha kashi a wasanni biyu na ƙarshen gasa, hannun Vancouver da Seattle, ba su zura ko ɗaya ba. Ra'ayinmu a kwamiti shi ne dabara ɗaya takan ci rabin kaka, domin ba a san ka ba. Da an zagayo karo na biyu kowa ya karance ka. A Yulin 2024 aka sallami Carnell.

Hajiyar da ke duba lafiyar 'yan wasa ta ɗauko zancen daga raunin Klauss, wanda ya ji ciwo a cinya a watan Afrilu ya shafe kusan wata huɗu a waje. Ta ce salon gudu irin wannan naman cinya yake ci, gaba da baya, kuma abin da ya fi mayar da rauni sabo shi ne gaggawar dawo da yaro saboda babban wasa. Ta koyar da ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20, aƙalla sau biyu a mako. Ta ce a auna nauyin ɗan wasa kafin wasa da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu a mayar da shi da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi. Sikeli ɗaya ya ishi kulob. Hajiya, Allah Ya ƙara basira.

Da aka dawo gida Najeriya, lauyan da ya zo da safiyar rana ta biyu ya tuna mana cewa tamu ta fi tasu wuya. Ƙungiya 20, wasa 38, huɗu na ƙasa su koma NNL, gasar da ke ƙarƙashin Firimiya. Wanda ya hauro ba shi da shekara uku na shiri, makonni ne. Remo Stars ta hau a 2017 ta faɗo, ta sake hawa a 2019 ta sake faɗowa, sai a hawa na uku ta zauna, har ta ɗauki kofi a kakar 2024/25. Sporting Lagos da aka kafa a 2022 ta hau a 2023, kaka ɗaya ta yi ta sauko. Tamu Plateau United ta dawo a 2016, ta ci gasar a 2017 ƙarƙashin Kennedy Boboye. Lauyan ya ce kafin a yi zancen sayen ɗan gaba, a fara lissafa tafiya 19 ta waje: mai, masauki, abinci, da gyaran mota, Jos zuwa Legas kaɗai kusan kilomita 1,000 ne. Kuɗin da aka ƙona wajen sa hannu a watan farko shi ne albashin da ake rasawa a wata na biyar. A dokar FIFA kuma, ɗan wasan da ya bi bashin albashin wata biyu, ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana da ikon yaga kwantiragi ya tafi. Ga masu ƙananan kulob ya ƙara da cewa a yi wa kowane yaro rajista tun yana shekara 12, domin kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa zuwa ƙasar waje ana raba wa waɗanda suka rene shi daga 12 zuwa 23, kuma takarda ake bi, ba shaidar unguwa ba. A garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tsofaffin 'yan wasa da suka zauna a sahun gaba har aka tashi, waɗanda wasunsu suka ga zamanin da Mighty Jets ta ɗauki gasar ƙasa ta farko a 1972, Baba mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Alƙalan wasa da suka amsa tambayoyi masu zafi ba tare da ɓacin rai ba, da yaran da suka ɗauki mazugi da ƙwallaye, ku ma ba a manta da ku ba. Waɗanda suka tsaya a tsaye saboda ƙarancin kujeru, a yi mana afuwa, laifin lissafinmu ne.

Za a raba kwafin zanen atisayen matsi da jadawalin kuɗin tafiya ta hannun sakatarorin kulob. An tsinci usur ɗaya da agogon auna lokaci a bakin fili, mai su ya nemi ɗan kwamiti. Zama na gaba a kan hawa ukun Remo Stars ne, kuma muna roƙon duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin kulob a NNL ya zo da shi.