Mussa ce, ba Musa ba

Har yau idan na ci karo da rasit ɗin otal ɗin nan na Birnin Kebbi a jakata, sai raina ya sake ɓaci. Baƙi biyu aka rubuta a jiki: sunana, sai Musa. Ni kuwa ba ni da ɗa Musa. Kyanwa gare ni.

Canjin wurin aiki aka yi mini daga Gusau, gidan da na kama kuma ba a gama yi masa fenti ba, shi ya sa na nemi ɗaki na kwana uku. Kyanwar ta Inna ce, Allah Ya jiƙanta, tun rasuwarta take hannuna, ba zan iya jefar wa maƙwabta ita ba. Na kai ta asibitin dabbobi aka sabunta mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, na karɓi kati, na sayi kwandon roba mai murfi, sannan na buga waya otal. Na ce wa yaron da ya ɗauka, "Ni da mussa za mu zo, ba damuwa?" Ya ce, "Haba Malam, ba komai, Allah Ya kawo ku lafiya." Nan take na tura naira 54,000, kuɗin kwana ukun gaba ɗaya.

Mu Zamfarawa, da Sakkwatawa da Kabawa, mussa muke cewa. Ko kusa ban kawo a raina ba cewa yaron daga gabas ya zo, inda ake ce mata mage. Shi dai Musa ya ji, Musa ya rubuta.

Da sassafe muka bar Gusau, don ba mai hankalin da zai yarda yamma ta same shi tsakanin Maru da Talata Mafara. Amma gyaran mota ya riƙe mu a Sakkwato, ga zafin Afrilu, kyanwa sai haki take a kwando. Ba mu wuce Argungu ba sai da magariba ta yi, muka shiga Birnin Kebbi bayan isha'i.

Wata budurwa na tarar a kantar otal ɗin. Ta karɓi katin shaidata na ɗan ƙasa, ta duba littafi, ta ce, "Malam, ina yaron?" Na ɗora kwando. Kyanwa ta yi kuka, budurwa ta yi baya har da dafe ƙirji, ta nuna mini takardar da ke manne a bango: ba a shiga ɗaki da dabba. Na miƙa katin allura, ko kallonsa ba ta yi ba. A kira manaja, ya tafi gida, wayarsa a kashe. To a mayar mini da kuɗina, wai sai manaja. Dalilansu ban ƙi su ba, kafet ne a ɗakunan, ga farata, ga ƙuma, ga baƙon da zai shiga bayana. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kuɗina na hannunsu, ni ina tsaye, dare yana yi, kuma bakinta bai wuce "doka ce" ba. Da kwana ɗaya na biya, da tuni na ɗauki kwandona na gwada wani wuri.

Baba maigadi ne ya fitar da ni. Tsoho ne mutumin Argungu, hayaniyarmu ta jawo shi. Ya leƙa kwando ya ce, "Ashe mussa ce! Wannan da ko ragowar ruwanta ana alwala da shi? Kawo ta, ɗana." A ɗakin gadinsa ta kwana, ya ɓare mata busasshen kifi. Ni na kwana cikin sanyin na'ura amma sau uku ina saukowa dubata.

Da safe manaja bai yi minti biyar ba ya warware maganar. Ya ba ni ɗakin ƙasa mai tayil, na ajiye naira 10,000 ko za ta yi ɓarna, masu shara kuma ba za su shiga ba sai ina nan. Ashe abin mai yiwuwa ne, amma shi kaɗai ke da ikon cewa to, kuma ba ya kwana a otal. Da na iso da rana tsaka, da ba a yi wannan tashin hankali ba. Sun cire 4,000 a kan labulen da ta yaga, wannan kam ban yi musu ba.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai yi tafiya da dabba, ko aku ce ko tantabara, cewa nake kada ya tsaya ga "ba komai" na waya. Ya nemi lambar manaja, ya tura hoton dabbar ta WhatsApp, ya jira amsa a rubuce, sannan ya biya kwana ɗaya tak. Hoto ɗaya da na tura, da ba a haifa mini Musa ba.

Ranar da zan tafi na haɗu da yaron wayar. Yana ganin kwando ya rufe baki. Ya ce, "Wallahi Malam, har ƙarin tawul da ƙaramar katifa na sa aka kai wa Musa."