Yadda muke gano wuri da lamba a kan titi

Aikin da na yi tare da safiyo a wani titi tsakanin Kano da Jigawa ne ya nuna min cewa a harkar hanya ba a kwatance da "kusa da kukar nan" ko "bayan gidan mai", lamba ake bayarwa. Misali 12+350, wato kilomita 12 da mita 350 daga inda titin ya fara. Namu shi ne mu bi titin da tayar awo, duk kwalbatin da ya toshe ko inda kwalta ta farfashe mu rubuta lambarsa, daga ina zuwa ina.

Kafin ka ɗaga ƙafa ka tambayi oga ina sifili yake, wato inda ake fara ƙirgen. Wallahi na ga ƙungiya biyu sun auna titi ɗaya, waɗannan daga shataletale suka fara waɗancan daga bakin gada, kowa aikinsa daidai ne amma lambobin suka ƙi haɗuwa, tifa ta je ta juye tsakuwa inda babu rami ko ɗaya. Haka hagu da dama, kana fuskantar inda lamba take ƙaruwa ake faɗarsu, ko da kai dawowa kake yi.

Ita tayar awon ma ba a sakin jiki da ita, tana zamewa a yashi, kuskuren kaɗan kaɗan yake taruwa, shi ya sa duk gada ko kwalbatin da aka san lambarsa sai mu tsaya mu daidaita. GPS na waya yana taimakawa amma direban tifa lambar da aka rubuta da fenti a gefen titi yake dubawa.

Wanda ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne in an miƙe kwanar titi. Titi ya gajarce ke nan, amma ba a sauya lambobin gaba tunda duk tsofaffin takardu da su suke aiki, sai dai a rubuta a wurin cewa lamba ta yi tsalle daga kaza zuwa kaza.

Masu bututu abin ya fi musu tsanani. Ka ɗauki na gas daga Ajaokuta zuwa Kano, kilomita 614 kuma a binne. Na'urar da ake turawa cikin irin wannan bututu don gano tsatsa da taya take ƙirga nisa, ana daidaita ta da wuraren walda da bawul, in lissafi ya goce gonar wani za a haƙe a banza, tsatsar kuma tana can tana cin ƙarfe.