Godiyata ga waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sai yau Allah ya ba ni ikon zama in rubuta wannan. Tun ranar da aka sallame ni daga aikin kocin ƙungiyar ƙwallonmu nake ɗaukar waya in ajiye, in rubuta layi biyu in goge. Daren jiya ne na farko a cikin watanni da na kwanta har asuba ban zabura tsakar dare ina lissafin maki ba. Alhamdu lillahi. Na gaji, irin gajiyar da ban san ta ba ko a zamanin da nake taka leda da ƙafata, amma ƙirjina ya yi sakayau, kuma ba na so kwanakin nan su wuce ban ce muku na gode ba.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ba. A gabanku aka yi komai. Kun ga yadda muka riƙa gangarowa a teburi, kun ga ƙwallayen da aka dinga zura mana ana dab da tashi, kun karanta sanarwar raba garin. Wannan ya wuce. Abin da ya ƙi barin idona shi ne abin da ya faru washegari da safe, kuma saboda shi nake rubutun nan.

Na tafi kwashe kayana daga ofis. Da gangan na yi sammako don kada in haɗu da kowa. Ɗana na fari ya nace sai ya raka ni, na hana shi, mahaifiyarsa ta ce in bar shi, na bar shi. Ina cikin haɗa takardu sai mai kula da rigunan 'yan wasa ya leƙo, fuskarsa ba yadda na saba ganinta ba, ya ce, "Koci, akwai mutane a ƙofa. Suna da yawa." Wallahi gabana ya faɗi. Nan take na tuna wasanmu na ƙarshe a gida, robobin ruwan da suka riƙa sauka a bayan benci, da yadda jami'an tsaro suka sa ni a tsakiya har ɗakin canza kaya. Ni dai na riga na saba. Yaron ne damuwata. Ba na so ya ga ana jifan ubansa. Na ce masa ya bi ta baya ya shiga mota ya kulle, ko me ya ji kada ya fito.

Na rungumi kwalin kayana na fito. Ba wani abu ne a ciki ba: usur, agogon auna lokaci, littattafan da nake rubuta atisaye, sai allon da nake tsara wasa a kai, da 'yan ƙananan maganaɗisun nan da ke tsayawa a madadin 'yan wasa, ja goma sha ɗaya, shuɗi goma sha ɗaya. Ina kaiwa bakin ƙofa hayaniya ta ɗauke ɗif. Hannuna na rawa. Ban ankara ba gindin kwalin ya ɓalle, komai ya zube, maganaɗisun suka watsu cikin ƙura har ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na tsaya kamar an dasa ni. A raina na ce yau ƙarshen wulaƙanci ya zo, yanzu za a kwashe da dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ne ya ratso mutane ya fito, kuma ina ganin sa na gane shi. Duk wanda ke zuwa filinmu ya san shi, shi ne mai zama a layin da ke bayan bencina daidai, wanda muryarsa ke fin ta kowa idan yana cewa in cire wane in sa wane. Babu sunan da bai kira ni da shi ba a kakar nan. Sai ga shi ya dafa gwiwa ya durƙusa da ƙyar, ya fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙurar, yana sharewa da bakin rigarsa. Ya jera su a tafin hannu ya ƙirga. Ya ce saura ɗaya, ja. Jama'a, manyan mutane masu iyali suka sunkuya suna laluben abin da bai kai girman maɓallin riga ba. Wani ƙaramin yaro ne ya zaro shi daga gindin tayar motata. Dattijon ya karɓa ya haɗa da sauran, ya kama hannuna ya zuba mini, ya naɗe yatsuna a kai ya ce, "Koci, ga yaranka nan, sun cika."

Sannan ya ce, "Ɗana, mun faɗa maka maganganu. Zafin ƙungiya ne. Ka yafe mana." Na ce, "Baba, ni ne mai neman gafara, amana kuka ba ni ban kai ta inda kuke so ba." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, muryata ta sarƙe. Wani ya fara tafi daga baya, sauran suka ɗauka. Da na waiwaya, ɗana ya riga ya buɗe mota ya fito yana tsaye, hawaye na bin kumatunsa. Abin da nake tsoron ya gani bai gani ba, Allah ya nuna masa wani abu dabam.

Baba, ban san sunanka ba har yau, kuma na ji kunyar tambaya a wurin. In wani ya karanta maka wannan, ka sani na yafe tun kafin ka buɗe baki. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya, ya ba ka masu durƙusa maka ranar da kake bukata.

Kwana biyu na kashe wayata. Da aka kunna, yaron ne ya zauna kusa da ni yana karanta mini saƙonninku, don ni idona ba ya iya tsayawa a kan rubutu. Da yawanku kun tuna mini da Claudio Ranieri, kocin da ya ɗauki kofin Firimiyar Ingila da Leicester a 2016, abin da ba wanda ya taɓa mafarki, amma wata tara kacal bayan haka, ranar 23 ga Fabrairun 2017, aka sallame shi ƙungiyar tana maki ɗaya saman 'yan faɗuwa. Wani ya rubuto yadda magoya bayansu suka kunna fitilun wayoyinsu a minti na 65 a wasan da ya biyo baya, daidai da shekarunsa, suna kiran sunansa. Wata baiwar Allah kuma ta kawo labarin Roberto Di Matteo, da ya ci wa Chelsea Kofin Zakarun Turai na farko a tarihinta a watan Mayun 2012, aka kore shi a Nuwamban shekarar bayan Juventus ta doke su 3-0, magoya baya suka riƙa yi masa tafi a minti na 16 saboda lambar rigarsa lokacin da yake wasa. Akwai wanda ya turo mini hirar bankwanan Ole Gunnar Solskjaer, wanda ya ci wa Manchester United ƙwallon da ta ba ta kofin Turai a 1999, aka sallame shi daga aikin kocinta a Nuwamban 2021 kwana ɗaya bayan Watford ta ci su 4-1. Na kalli mutumin nan yana danne kuka a gaban kyamara, na kasa ƙarasawa.

Na san ban kai ƙurar ƙafar waɗannan ba, kuma na san ba don ku daidaita ni da su kuka turo ba. Kuna so ku ce mini duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma ba a kaina aka fara ba. Na ji, kuma ya yi mini magani. Wanda ya fi zama a raina shi ne na Marcelo Bielsa. Ya maido Leeds gasar Firimiya a 2020 bayan shekara 16 tana waje, sannan a Fabrairun 2022 aka yi ta zazzaga musu ƙwallaye, Liverpool 6, Tottenham 4, aka raba gari. Mutanen da suka zauna suka kalli wannan cin kashi da idonsu su ne suka fi kowa kukan tafiyarsa. A da ina ganin abin kamar rashin tunani ne, yaya za ka yi ihu a tafi, in an tafi kuma ka yi kuka? A bakin ƙofar nan na gane.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku, kuma da gaske nake. Na ga wasu sun fara rubuta cewa yaran ne suka ci amanata, wai da gangan suka ƙi wasa don a kore ni. Don Allah ku bari. Haka aka faɗa wa 'yan wasan Leicester da suka doke Liverpool 3-1 kwana huɗu bayan tafiyar Ranieri, kuma na tabbata in yaranmu suka ci wasan gaba za a ce ga shi nan. Ni ne nake tare da su safe da yamma. Na ga ɗan wasan da ke zura ƙwallo ido a rufe a atisaye, ranar wasa ƙafarsa ta yi nauyi saboda tsoron ihunku. Na ga mai tsaron ragarmu zaune shi kaɗai bayan kowa ya watse, bai ko cire safar hannu ba. In rashin nasara ya jeru, tsoro ne ke shiga ƙafa, sai mai ƙwallo ya nemi rabuwa da ita tun bai ɗaga kai ba. Sabuwar murya takan cire wannan tsoron na ɗan lokaci, shi ya sa ake canza koci. Ba a iya sallamar 'yan wasa ashirin da wani abu a tsakiyar kaka kasuwar saye da sayarwa a rufe, amma ana iya sallamar mutum ɗaya. Na san wannan tun ranar da na sa hannu a kwantiragi. Akwai canjin da na yi a makare, akwai yaron da na daɗe ina ajiyewa a benci alhali ya cancanci shiga. Waɗannan nawa ne, kada a ɗora wa kowa.

Wasu sun ce kada in ambace su. Ku yi haƙuri, yabon gwani ya zama dole. Mai kula da riguna, kai ne ka bi ni a baya har ƙofa ranar nan alhali ba wanda ya sa ka, kuma kana da aikin da za ka iya rasawa. Direban motar ƙungiya, duk dawowar da muka yi cikin dare ba mai magana, kai kaɗai kake juyowa ka ce "Koci, gobe ma rana ce." Mataimakina, an ba ka riƙon ƙwarya ka zo gidana da kanka kafin ka amsa, kana ta sunkuyar da kai kamar ka yi laifi. Ba ka yi laifi ba, ƙanena, ka riƙe da kyau, ina bayanka. Kyaftin, na ga kiranka, na kasa ɗauka ne don na san za mu yi kuka mu biyu. Likitan ƙungiya, da ka auna jinina ka ɓoye wa kowa abin da ka gani sai ni, ka kuma tsare ni sai da na sha magani a gabanka. Shugabannin ƙungiyar magoya baya, ku kuka hana a kai fushi ƙofar gidana a makon da abin ya fi zafi, sai daga baya na ji.

Uwargida kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Ke kika riƙa ɓoye rediyo. Ke kika riƙa tarar yara a ƙofa in sun dawo daga makaranta an tsokane su, ki share musu hawaye kafin in gani. Ban taɓa jin kin ce da ma ka bari ba.

Ya Allah, duk wanda ya tsaya a ƙofar nan, da wanda ya turo saƙo, da wanda ya yi mini addu'a ban sani ba, ka tsaya masa ranar da ƙafarsa ta kasa ɗaukar sa. Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Kada ka nuna wa 'ya'yansu ranar wulaƙancinsu. Ka jiƙan iyayensu, ka ba marasa lafiyarsu lafiya, ka buɗa wa mai nema, ka biya wa mai bashi. Wanda ya zage ni don son ƙungiya na yafe masa, ka yafe mana baki ɗaya. Ka ɗaga ƙungiyar nan daga inda na bar ta, ko da ba ta hannuna ba, ka sanyaya zukatan yaran nan, ka tsare su daga rauni. Amin ya Rabbi.

Da yake zumunta a ƙafa take, na ɗan sa ido a hanya kwanakin nan. Akwai na jikina da a da ba a babban wasa sai wayarsu ta shigo ana neman tikiti da wurin zama mai inuwa, har da na abokai. Har yanzu ban ji muryarsu ba. Wataƙila nauyin abin da za su faɗa ne ya hana su. Ba sai kun ce komai ba, ku zo kawai, yara suna tambaya.

Wayata a kunne take yanzu, kuma zan bi kiran kowa ɗaya bayan ɗaya, sai dai ku ƙara mini haƙuri don suna da yawa. Wasan gida na gaba ku cika filin nan, ku kira sunan yaran tun daga minti na farko, musamman mai tsaron raga. Ni a gida zan kalla tare da ɗana. Yaron nan kuma da ya zaro jan maganaɗisun daga gindin taya, wanda ya san iyayensa ya sanar da ni, na ajiye masa usur ɗina.